Maɗaurin saman akwatin kifina ya fara rabuwa da bango, yaya zan yi?

Tambaya daga wani mai kiwon kifin ado a Birnin Kebbi: "Ina da akwatin kifi na gilashi a falona, tsawonsa ƙafa shida, faɗi ƙafa biyu, tsayi ƙafa biyu, kaurin gilashin milimita 10. Na hannu na saya. A ciki akwai karfasa da ƙurungu da aka kawo mini daga Yawuri. Gilashin nan da ke gicciye a sama ta tsakiya ya fara rabuwa da bangon gaba, silikon ɗin wurin ya yi fari, har farce yana shiga. Mai aikin alminiyon ya ce zai zo ya ƙara silikon a kai, ba sai an kwashe ruwa ba. Wani abokina kuma ya ce in cire shi gaba ɗaya tunda ado ne kawai. Wanne zan bi?"

Malam, ka kyauta da ka tambaya kafin ka bari a taɓa. Shawarwarin nan biyu, kada ka ɗauki ko ɗaya. Abin da za ka fara yi kuwa ba ya jiran gobe: yau ɗin nan ka rage ruwan akwatin ya dawo rabi. Ka samo tiyo mai tsabta ka janye ruwan zuwa cikin duro ko manyan bahuna, kada ka zubar, za ka buƙace shi nan gaba. Kafin ka tsoma hannu ka zare duk wayar da ke shiga akwatin, ka ɗauke soket ɗin da ke ƙasa ka rataye shi sama, yara kuma su daina zama ko kwanciya a gabansa har a gama gyara.

Ga dalili. Akwati mai santimita 180 a tsawo, 60 a faɗi, 60 a tsayi yana cin lita 648 idan ya cika taf, a ce lita 600 yadda aka saba cika shi, jarka 24 ke nan masu cin lita 25. Kowace lita kilo ɗaya ce. Mutane sukan tuna da nauyin da ke danna teburi, su manta ruwa yana tura bango waje ma. A akwati irin naka, idan ruwa ya kai baki, ƙarfin da yake tura gilashin gaba da shi ya kusa kilo 320, haka ma na baya. Gindin gilashin yana manne da na ƙasa, gefunansa biyu suna manne da bangayen gefe, amma bakinsa na sama, tsawon ƙafa shida cur, babu mai riƙe da shi sai wannan maɗaurin. Ka dubi babbar motar da aka loda wa albasa daga Aliero, sarƙar da ake gicciyawa a saman bodi ita ce ke hana bangayen buɗewa. Aikin maɗaurinka ke nan. Abokin naka ya ga akwatunan da ba su da maɗauri ne, amma su ana yin su da gilashi mai kauri sosai, milimita 15 ko 19 a irin wannan girman. Naka mai 10 tun farko da maɗauri aka yi lissafinsa. Ranar da ya saki gaba ɗaya, gilashin gaba zai yi ciki ta tsakiya, wato ya kumburo waje, nauyin ya koma kan haɗin kusurwoyi, daga nan ko gilashin ya tsage ko haɗin ya yage, kuma yawanci lokaci guda abin yake faruwa.

Abin da ya sa na ce rabi, turin ruwa ba ya raguwa daidai da yadda ka rage ruwan, ya fi haka sauri. Ka sauke zurfin daga santimita 60 zuwa 40, turin ya faɗo daga kusan 320 zuwa kimanin 145. Ka kai shi 30, saura kimanin kilo 80, kashi ɗaya cikin huɗu ke nan na yadda yake a da, kuma duk a can ƙasa yake inda haɗin ya fi ƙarfi. Kifinka za su zauna lafiya a rabin ruwa na 'yan kwanaki muddin injin iska yana aiki.

Bayan ruwa ya sauka, sai ka yi wa bakin akwatin riƙon wucin gadi. Idan kana da kafinta kusa, ka aro dogon kilam ɗin nan da suke matse katako da shi, ka sa guntun katako tsakanin ƙarfen da gilashin ta gaba da ta baya, ka juya hannun a hankali har ya kama kawai. Idan babu, kafintan ya yanko katako mai kauri wanda ya ɗan fi faɗin akwatin tsawo, ya buga masa guntaye biyu a ƙasa, tazararsu daidai faɗin akwatin, ka kifa shi a sama kusa da maɗaurin da tsumma a tsakani. Aikin rabin awa ne. Abin da nake roƙonka shi ne kada ka matse gilashin da kilam alhali akwatin yana cike, da nufin mayar da shi inda yake. Duk ƙarfin zai taru ne a ɗan wurin da ƙarfen ya taɓa, kuma a nan gilashi yake fashewa.

Mu zo kan maganar mai alminiyon. Ba mugunta ya nufa ba, haka suke toshe yoyon taga kuma yana yi musu. Sai dai a taga silikon hana ruwa shiga kawai yake yi, a nan kuwa kaya yake ɗauka. Ƙarfin haɗin ba ya cikin tudun silikon da ido ke gani a kusurwa, yana cikin siririn shafin da ke tsakanin bakin maɗaurin da fuskar bango. Farin da ka gani alama ce ta cewa wannan shafin ya riga ya saki gilashi, iska da ruwa sun shiga. Duk abin da aka shafa daga waje ba zai isa can ba. Sannan sabon silikon ba ya kama tsoho kamun kirki, ba ya kama gilashi mai danshi ko mai gansakuka, kuma ba ya yin ƙarfi a haɗin da ake ja yana motsi tun bai bushe ba. Duka ukun sun haɗu a shawarar tasa. Abin da ya fi damuna da irin wannan gyara shi ne yana rufe tsagar, mai akwati ya daina ganinta, hankalinsa ya kwanta, rabuwar kuwa tana ci gaba a ƙarƙashi. Haka nan sufa gulu da gam ɗin nan mai kwalba biyu da ake gaurayawa, kada su zo kusa. Suna bushewa su ƙage, akwati kuwa yana ɗan motsi kullum da zafi da sanyi da hawa da saukar ruwa, yana son abin da ke miƙewa ya dawo.

Kafin ka kashe kuɗi, ka tabbatar akwatin ya cancanci gyara. Da dare ka kashe fitilar falo, ka ɗauki tocila ka haska kusurwoyin huɗu daga sama har ƙasa, da zagayen gindi. Ta kaurin gilashi za ka leƙa, inda gilashi biyu suka haɗu. Haɗi mai lafiya kala ɗaya ne tun daga sama har ƙasa. Ƙananan kumfa jefi-jefi da suka kasance tun ranar ƙira ba komai ba ne. Amma idan ka ga farin tabo mai faɗi, ko jerin kumfa da suka miƙe kamar ana jan su, musamman a saman kusurwoyin gaba, to cikin da gilashin ya yi ya riga ya taɓa su, kuma sauya maɗauri kaɗai ba zai wadatar ba, sai an warware akwatin an sake haɗa shi. Ka shafa bakin gilashin gaba wajen da maɗaurin ya saki. Ɗan ɓantarewa a gefe ana iya gogewa, amma tsaga mai layi, ko da tsawon ƙwayar shinkafa ce, tana nufin sai an sauya wannan bangon.

Sai kuma ka nemo abin da ya jawo. A akwatin hannu, sau da yawa tun ranar ɗauko shi aka yi ɓarnar: masu ɗauka suna ganin maɗaurin kamar mariƙi, su kama shi su ɗaga, haɗin ya ɗan yage a ɓoye, sai bayan watanni ya bayyana. Wani lokaci kuma a kansa ake ɗora fitila mai nauyi, ko murfin katako, ko a dafa shi da hannu duk lokacin da za a wanke ciki. Fitila mai zafi da ke zaune a kan gilashi tana iya tsaga shi ma idan ruwa ya fantsamo. Amma wanda na fi so ka bincika da kyau shi ne mazaunin akwatin. Ruwan da ke ciki shi ne ma'auninka: ka auna daga fuskar ruwa zuwa bakin akwati a kusurwoyi huɗu. Idan gaba da baya sun bambanta, ko kusurwa ɗaya ta fita daban da sauran ukun, akwatin a karkace ko a murɗe yake zaune, kuma duk maɗaurin da ka sa yana iya sake saki. Da ruwa da gilashi da yashi da duwatsu, nauyin da ke kan teburin nan ya doshi kilo 800. Idan na katako ne ka ƙwanƙwasa ƙafafunsa ka ji, gara tana cinye ciki ta bar fenti a tsaye. Idan na ƙarfe ne ka duba tsatsa a wurin walda da kuma ko tsakiyarsa ya lotsa. Saman teburin ya zama shimfiɗaɗɗen katako ɗaya mai kauri, a kansa farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firji, kaurin santimita ɗaya zuwa biyu, domin ko tsakuwa ɗaya ce ta shiga tsakanin gilashi da katako tana iya fasa gindin.

A ra'ayina, akwati mai wannan girma a kwashe shi kaf kafin a gyara, kuma wannan yana nufin kifin za su yi mako uku zuwa huɗu a wani wuri. A nan ne masu gyara da yawa suke yin asara, akwati ya gyaru kifi su mutu. Ka tanadi duron roba biyu masu cin lita 200, ko tankin roba da aka yanke samansa, wanda ka tabbatar bai taɓa ɗaukar mai ko maganin feshi ko wani sinadari ba. Ka zuba musu ruwan akwatin da ka ajiye, ka sa su a inuwa cikin ɗaki. Da bazara, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura maki 40, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ruwa mai ɗumi iskarsa kaɗan ce, bakin duro kuma ƙunci ne da shi. Kowane duro ya samu dutsen iska, wato ɗan dutsen nan da ake haɗawa da injin iska yana fitar da kumfa a ruwa, kuma ka nemi ƙaramin injin iska mai batir ko ka haɗa naka da sola saboda lokacin da aka ɗauke wuta. Soson matatar ruwanka kada ka wanke shi, kada ka bari ya bushe. A jikinsa ƙwayoyin da ke cinye gubar kashin kifi suke zaune, ka mayar da matatar cikin duron ta ci gaba da aiki. Abinci ka rage sosai, ɗan kaɗan sau ɗaya a kwana biyu ya isa, sannan duk bayan kwana biyu ko uku ka sauya kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan. Ruwan famfo yana iya zuwa da kulorin, na rijiyar burtsatse kuma yana fitowa da ƙarancin iska, saboda haka kowanne ne ya kwana a buɗe da iska tana kaɗa shi kafin ka zuba.

Wajen kamu, ƙurungu kada ka sa masa raga. Ƙayoyinsa uku, na baya da na gefe biyu, yana miƙe su ya kulle, su sarƙe a raga, kafin ka ɓamɓare shi ka ji masa rauni ko shi ya soke ka. Ka rage ruwan sosai ka kora shi cikin kwanon roba. Ka raba su da karfasa idan da hali, ka jefa musu guntayen bututun roba su ɓuya, domin karfasa a ƙuntataccen wuri faɗa suke yi. Ka rufe bakin duron don kada su yi tsalle, amma don Allah ban da gidan sauro. Gidajen sauron da ake rabawa da magani a jikinsu, kuma wannan maganin yana kashe kifi ko da kaɗan ne ya sauka a ruwa. Haka nan feshin sauro da na hayaƙi, a nisanta su da ɗakin.

Akwati ya zama fanko, an kwashe duwatsu da yashi, an goge ya bushe. Ka shimfiɗa tsohon bargo a gindinsa. Mutum ɗaya ya tallafe maɗaurin daga ƙasa da hannu biyu, kai kuma ka zura sabuwar reza cikin haɗin kana yanka kaɗan-kaɗan, ta sama sannan ta ƙasa. Inda reza ta ƙi shiga, zaren fatsa mai ƙarfi yana yi: ka zura shi ta tsagar, ka naɗe bakinsa biyu a guntayen itace, ka riƙa ja kamar zarto. Ban da sukudireba, ban da banƙarawa. Gefen da bai saki ba shi ma yanke shi za ka yi, shekarunsu ɗaya da wanda ya saki.

Daga nan sai kankara, kuma a nan ne ake gane gyaran da zai daɗe. Ka sayi reza da yawa, kana sauyawa da zarar ta dakushe. Ka kwantar da ita a jikin gilashi ka kankare tudun, sannan ka dawo kan abin da ido ba ya gani. Silikon yana barin wani siririn maiƙo a gilashi, idan ka shafa yatsa za ka ji yana ɗan riƙe shi, inda ya fita tas kuwa sai ka ji santsi har da ƙara. Ka hura hucin bakinka a wurin, sawun tsohon haɗin zai fito fili idan da saura. Ka ci gaba har huci ya kwanta bai ɗaya. Bayan haka ka goge da asiton, wani sinadarin goge maiƙo mai saurin bushewa, a farin tsumman auduga mai tsabta, shafa ɗaya ta fuska ɗaya, ka juya tsumman ka sake. Idan babu asiton, sifirit na kemis zai yi. Fetur da kananzir da sabulu da ruwan goge jan farce duk suna barin maiƙo, ba su da wuri a aikin nan. Asiton yana kama wuta, a buɗe tagogi, kuma daga lokacin da ka goge kada yatsa ya sake taɓa wurin.

Awon sabon gilashi sai akwati yana fanko ake ɗaukarsa. Gilashi ba ya riƙe lanƙwasa, da an sauke masa nauyi yake komawa miƙe, saboda haka faɗin tsakiya ya kamata ya zo daidai da faɗin gefuna biyu. Wanda ya auna da ruwa a ciki zai yanko maɗauri mai tsawo ya dawwamar da cikin. Kaurinsa ya zama 10 kamar na bango, ko 12. Gilashin taga mai milimita 4 ko 5, da mai duhu ko mai ɗaukar ido da ake sa wa tagogin alminiyon, ba na wannan aiki ba ne. Farin gilashi zalla za ka nema, idan bai samu a gari ba a kawo daga Sakkwato ko Kano, jiran ya fi. Tsohon gilashin teburi ma a yi hattara, da yawansu gasassu ne, ana ɗora musu abin yanka suke tarwatsewa. Bayan an yanka, a kashe kaifin gefuna da dutsen wasa wuƙa da ruwa, saboda hannunka, kuma saboda daga ƙananan ɓantarewar baki tsaga take farawa.

Ba na so ka mayar da shi yadda yake. A ce faɗin maɗaurinka santimita 15 ne, kaurinsa ɗaya, kuma da bakinsa kawai ya dafa bango. Wurin da silikon ya kama a kowane gefe murabba'in santimita 15 ne kacal, shi ke fama da duk jan nan. Ga yadda ake yi wa akwati mai ƙafa shida. A yanko dogayen gilasai biyu masu faɗin santimita 8, a manna ɗaya a kwance a jikin bangon gaba ta ciki, ɗaya a na baya, kamar santimita biyu ƙasa da baki, suna bin kusan duk tsawon akwatin. Na bayan a rage masa kaɗan a kusurwa don tiyo da waya su samu hanya. Waɗannan su kaɗai suna ƙarfafa bakin gilashin ƙwarai, domin gilashin da ke kwance a kan gefensa ba ya lanƙwasuwa da sauƙi. Sannan a ɗora masu gicciye a kansu, fuska a kan fuska. Yanzu wurin kamu ya zama 15 sau 8, wato 120, ninki takwas na da, kuma jan ya bazu a tsawon bango maimakon ya taru wuri guda. Na fi son masu gicciye biyu da suka raba akwatin gida uku a kan ɗaya a tsakiya, riƙon ya fi, hannu kuma yana samun wurin shiga. Tsawonsu ya gaza faɗin cikin akwati da milimita biyu zuwa uku, don silikon ya samu wurin zama a kowane baki. Idan kuɗi bai kai ga wannan duka ba, mafi ƙaranci shi ne sabon maɗauri ɗaya mai faɗin santimita 20, da guntun gilashi a ƙarƙashin kowane bakinsa, manne da bango kuma manne da shi.

Silikon kuma a nan ne bai kamata a yi tsumulmula ba. Wanda ake so shi ne zalla, mai warin tsami mai hawa hanci idan an matso shi, wanda aka rubuta Aquarium a jikinsa ko aka zana kifi. Soudal da Dowsil da Wacker duk suna yin irinsa. Wanda aka yi don banɗaki da kicin, mai rubutun Sanitary, an zuba masa maganin hana baƙin funfuna, kuma wannan maganin guba ne ga kifi. Masu arha sosai kuma ana sirka su da mai, suna motsewa bayan sun bushe, ƙarfinsu bai kai ba. Ka duba ranar ƙarewar aiki a gindin kwalbar, domin wanda ya daɗe a shago cikin zafi yakan ƙi bushewa. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ka manna guntayen gilashi biyu da shi, ka ajiye kwana uku, ka gwada raba su da hannu. Mai kyau sai ka sa reza. Kwalba uku za su ishe ka. Mara kala ya fi maka, saboda ta cikinsa za ka ga kumfa idan ta shiga.

Ka zaɓi sassafe, ka kashe fanka, ka rufe tagar da ƙura ke shigowa ta ita. Silikon yana yin fata cikin 'yan mintuna, da zafi ma ya fi sauri, saboda haka komai ya zama a shirye kafin ka fasa kwalba. Ka yanko sanduna huɗu ko shida masu tsayi ɗaya ka tsayar a cikin akwatin, su ne dogayen gilasan za su hau. Ka gwada komai a bushe tukuna. Ka liƙa tef na takarda sama da ƙasan layin don aiki ya fita tsaf. Sai ka ja silikon a bakin gilashin, layi ɗaya mai kauri ba yankewa, ka kai shi jikin bango ka tura a hankali har ka ga ya cika haɗin ya ɓullo ta sama da ƙasa. Kada ka danna har gilashi ya taɓa gilashi. Ana son shafi mai kaurin milimita ɗaya zuwa biyu ya rage a tsakani, shi ne ke miƙewa idan akwati ya motsa. Ka bi kusurwar da yatsa sau ɗaya ka lallashe, ka cire tef tun silikon yana ɗanye, ka bar shi. Bayan kwana biyu ka ɗora masu gicciyen: ka zuba silikon a wurin zamansu da yawa, ka sauke gilashin daga gefe ɗaya zuwa ɗayan don iska ta fita, kana kallo ta sama har wurin ya cika babu fili. Idan ka ga babban rami na iska, ka ɗaga nan take, ka kankare, ka goge, ka sake. Ka mayar da kilam ko katakon riƙon a bakin akwati, a dafe kawai.

Sauran aiki jira ne, kuma a nan yanayin garinmu yake shigowa. Silikon irin wannan da danshin iska yake ƙamewa, daga waje zuwa ciki, kamar milimita biyu zuwa uku a rana ta farko, sannan yana rage sauri yayin da yake nutsawa. Awa 24 da ake faɗa na siririn layi ne a fili. Haɗin da gilashi ya rufe sama da ƙasa, mai faɗin santimita 8, tsakiyarsa tana daɗewa ɗanye bayan gefuna sun yi tauri. Da damina ka ba shi mako biyu. Da hunturu, lokacin da iska ta bushe ƙayau, ka ba shi uku, ka kuma ajiye bahon ruwa a cikin akwatin ka yafa zane a sama, ba rufewa ruf ba, don danshi ya zauna wari kuma ya fita. Gushewar warin tsami alama ce mai kyau, amma kada ka rage kwanakin saboda ita.

Idan babu yadda za ka yi da kifin sam, ana iya aikin da ruwa kamar santimita 15 a ƙasa, a shimfiɗa leda a kan ruwan don tare guntayen silikon, dutsen iska yana aiki a ƙarƙashi, tagogi a buɗe. Ya fi wahala, danshi yana damun wurin manni, kuma ba ka samun damar gyara teburin. Zaɓi na biyu ne.

Ranar cikawa, ka sassauta kilam ɗin ya bar tazarar milimita ɗaya ko biyu, yana nan a matsayin mai taro amma ba shi ke riƙe ba. Ka ɗaure zare daga kusurwar gaba ta hagu zuwa ta dama a bakin sama don ka ga ko gilashin ya lanƙwasa, ka rubuta faɗin tsakiya a takarda. Ka zuba kashi ɗaya cikin uku, ka duba daidaiton kusurwoyi huɗu, ka bari ya wuni. Ka ƙara zuwa kashi biyu, ya kwana. Sannan ka cika. A kowane mataki ka sake awo ka haska sabon haɗin da tocila. Motsin milimita ɗaya ba abin damuwa ba ne. Idan awon yana ƙaruwa daga safe zuwa yamma, ko fari ya fara fitowa a haɗin, ka sauke ruwa nan take. Idan ya yi kwana biyu cike babu canji, ka zubar da wannan ruwan gwaji, ka mayar da yashi da duwatsu, ka zuba sabon ruwan da ya kwana tare da na cikin duro, ka dawo da matatar da sosonta yadda yake. Kifin su koma kaɗan-kaɗan, karfasa a ƙarshe, bayan ka tabbatar ɗumin ruwan biyu ya zo ɗaya. Fitila da murfi kuma kafinta ya yi musu firam da zai hau kan kusurwoyin akwatin ko a rataye su a bango, kada komai ya sake zama a kan maɗauran, kuma ruwa ya tsaya ɗan ƙasa da dogayen gilasan nan biyu.